Hibiskus ko Faranjifani: Wanne Zan Shuka a Ɗan Filina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ɗan fili a gaban ɗakina, tsawonsa bai wuce mita 5 ba, faɗinsa kuma mita 3, rana tana dukansa tun hantsi har la'asar. Na daɗe ina son in ƙawata shi da fure. Wasu sun ce in sa hibiskus, wasu sun ce faranjifani ya fi, wai zan samu ƙamshi da inuwa. Damuwata ita ce ba kullum nake samun damar ban ruwa ba, wani lokaci ma nakan yi tafiyar mako ɗaya ko biyu babu mai kula. Ga kuma yara ƙanana. Wanne ya fi dacewa da ni? Ko in haƙa babban rami in haɗa su duka biyun?
Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama, na gode da tambaya. Bari in fara da ta ƙarshe, don ita ta fi gaggawa: kada ki haɗa su a rami ɗaya. Hanyar jirgi daban, ta mota daban. Hibiskus mashayin ruwa ne, so yake gindinsa ya zauna da danshi kusan kullum. Shi kuwa faranjifani, wannan ruwan da ke raya hibiskus shi ne ke ruɓar masa da saiwa. In suka zauna wuri ɗaya, duk yadda kika yi da bokitinki sai kin cuci ɗaya. Na sha ganin inda aka yi haka, hibiskus yana ta walwala, maƙwabcinsa kuwa gindinsa ya yi laushi ya baƙe, mai lambu yana cewa ƙwaro ne, alhali ruwa ne ya kashe shi.

Hibiskus ɗin da ake shukawa don ado, wanda masana ke kira Hibiscus rosa-sinensis tun da masanin tsirrai Carl Linnaeus ya raɗa masa sunan a 1753, ƙaramin itace ne mai fitar da rassa da yawa tun daga gindi. Yakan kai mita 2 zuwa 4 in an bar shi, amma yana karɓar aski, shi ya sa ake yin shinge da shi. Ɗan gida ɗaya ne da auduga da rama. In kin taɓa kallon furen auduga da kyau za ki ga kamar. Furensa babba ne, akwai ja, rawaya, fari, ruwan hoda da ruwan goro, har ƙasar Maleshiya ta ɗauki jan ta mai da shi furen ƙasa a 1960. Kowane fure yini ɗaya yake yi, in ya daɗe biyu, sai ya naɗe ya faɗi. Wannan ba ciwo ba ne, haka halittarsa take. Itacen da ke samun ruwa da taki yana yi wa kansa canji kullum, yau wannan huda ta buɗe, gobe waccan, kusan duk shekara a wuri mai ɗumi. Ƙamshi dai babu, ko kin kai hanci ba za ki ji komai ba.

To amma duk wannan kyau biyansa ake yi da hidima. A lokacin zafi, hibiskus da ke ƙasa yana son ruwa sau biyu ko uku a mako, wanda ke cikin tukunya kuwa kusan kullum. Da ya ji ƙishi, abin da zai fara zubarwa shi ne hudar da ba ta buɗe ba, sannan ganye ya yi rawaya. Ki yi tafiyar mako biyu cikin rani, ki dawo ki tarar da tsinke. Sau da yawa yakan farfaɗo in an ci gaba da ba shi ruwa, sai dai furen wata guda ko fiye ya tafi. Ga shi da cin taki, kuma yana da zaɓe: yana son wanda sinadarin fotashiyam ya yi yawa a ciki, yawan sinadarin fosfaras kuma yana cutar da shi, ko da an rubuta a jikin buhun cewa na fure ne. Ƙwari ma suna ƙaunarsa. Darɓa takan taru a kan sabon toho, farin ƙuda a bayan ganye, sai kuma wani farin ƙwaro mai kama da ɓurɓushin auduga da ke maƙalewa a gaɓoɓi yana tsotse shi har ganyen ya murɗe. Duk ana maganinsu, da fesa ruwan sabulu mara ƙarfi ko a datse reshen da ya kamu, amma sai da ido a kai. Wanda ba ya gida ba shi da wannan idon.

Faranjifani wani hali ne da shi daban. Asalinsa daga Meziko da tsakiyar nahiyar Amurka da tsibiran Karibiyan yake, wuraren da ake yin dogon rani, kuma an sa masa sunan Plumeria don tunawa da Charles Plumier, wani Bafaranshe masanin tsirrai da ya yi bincike a yankin, ya rasu a 1704. Ki dubi rassansa: kaurara ne, masu taushi, kamar yatsun da suka kumbura. Ruwa ne yake ajiyewa a ciki. Shi ya sa bishiyar da ta riga ta kafu za ta yi makonni ba a ba ta ko ɗigo ba, ba abin da zai same ta. Bishiya ce ta gaske, takan kai mita 6 zuwa 8 in ta tsufa, ta buɗe kamar lema, amma a hankali take tafiya, shekaru ake yi kafin ta wuce kan mutum sosai.

Ƙamshin da aka faɗa miki gaskiya ne, kuma ya fi tashi da yamma zuwa dare. Dalilin yana ba ni dariya duk lokacin da na tuna. Manyan faɗa-wuta masu yawon dare bishiyar take kira da wannan ƙamshi, su zo neman ruwan zaƙi, alhali babu ko ɗigo a cikin furen. Haka za su yi ta bi daga wannan fure zuwa wancan suna neman abin da babu, suna kwasar garin fure suna kai mata inda take so, aikin banza ba lada. Ke dai da za ki zauna kusa da ita da magariba, ribar taki ce.

Maganar inuwa ce nake so ki rage buri a kanta. Irin da ya fi yawa, Plumeria rubra, mai fure ja ko rawaya ko ruwan hoda ko fari, yakan kaɗe ganyensa tas idan rani ko sanyi ya shigo, ya tsaya tsirara wata biyu ko uku. Mutane da yawa a nan suke kuskure: su ga ba ganye, su ɗauka ƙishi ne, su dinga kwarara ruwa. Bishiyar barci take yi, ba ta shan komai a lokacin, ruwan sai ya kwanta a saiwa ya ruɓar da ita. In ta kaɗe, ki janye hannu. Sau da yawa ma fure ne ke fara fitowa a kan busassun rassan kafin ganye ya dawo. In kuwa ganin itace ba ganye zai dame ki, ki nemi Plumeria obtusa, mai farin fure da ganye mai sheƙi wanda bakinsa ke da zagaye. Wannan yakan riƙe yawancin ganyensa duk shekara a wuri mai ɗumi. Ko da shi ɗin, inuwar da za ki shimfiɗa tabarma a ƙarƙashi sai bayan shekaru masu dama.

Sai batun yara, wanda bai kamata a yi wasa da shi ba. Faranjifani dangin tumfafiya ne, kuma kamar ita, da an karya reshe ko an tsinke ganye sai farin nono ya fito. Wannan nonon yana sa ƙaiƙayi a fata, yana ƙona ido, in an haɗiya kuma yana ɓata ciki. Ɗacinsa kan hana yaro ci da yawa, amma rassan suna da saurin karyewa, ba bishiyar hawa ba ce ko kaɗan. Furen da ya faɗo ƙasa ba shi da wannan matsala sosai, tsinkowa daga jiki ne ke fitar da nonon. Ki kewaye ta da ɗan shinge tun tana ƙarama, ki koya musu su tsinci na ƙasa kawai, in kuma nonon ya taɓa ido a wanke da ruwa mai yawa nan take, idan zafin bai lafa ba a je asibiti. A wannan fanni hibiskus ya fi ta kwanciyar hankali, ba shi da nono, ba shi da ƙaya.

Da na auna duka, ni dai faranjifani zan ce ki shuka. Abin da ya yanke hukuncin shi ne tafiye-tafiyenki da ƙarancin ban ruwa. Sauran duk ana iya dabara a kansu, amma ba a yi wa hibiskus dabarar ƙishi. Guda ɗaya ta ishi fili mai mita 5 da 3. Ki ja ta kamar mita 2 daga bango. Ba don saiwarta tana fasa gini ba, ba ta da wannan ƙarfin halin, sai don rassan su sami wurin buɗewa.

Dasa ta ma ba wuya. A samo miki reshe lafiyayye mai tsawon santimita 30 zuwa 45 daga bishiyar da kika ga furenta da idonki, don wadda aka shuka daga iri ba lallai ta ɗauko launin uwarta ba, kuma ta fi daɗewa kafin ta yi fure. Ki cire ganyen, ki ajiye reshen a inuwa mako ɗaya zuwa biyu har bakin yankan ya bushe ya yi tauri. Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa, sai reshen ya ruɓe tun bai yi saiwa ba. Sannan ki kafa shi cikin ƙasa mai yashi, zurfin kamar santimita 8 zuwa 10, ki tokare shi da sanda, ki ba shi ruwa sau ɗaya ki ƙyale shi sai kin ga sabon ganye. Idan ƙasarki mai laka ce da ruwa ke kwanciya, ki tara tudu ki dasa a kai. Kada ki yawaita yi mata aski, domin a bakin rassa take fure, duk reshen da kika datse kin jinkirta furensa. Cikin damina kina iya ganin wani gari ruwan goro a bayan ganye, kamar tsatsa. Ciwon naman gwari ne, yana zubar da ganye amma ba kasafai yake kashe bishiya ba. Ki tsince waɗanda suka kamu, ki share na ƙasa ki fitar da su daga lambun.

In kuma zuciyarki ta ƙi rabuwa da hibiskus, ki sa guda ɗaya a babbar tukunya mai huji a ƙasa, nesa da gindin bishiyar, ki rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa don danshi ya daɗe. Shi reshensa ba a shanya shi. Ɗanye ake kafawa, kamar santimita 10 zuwa 15, a ajiye a inuwa da danshi har ya kama cikin 'yan makonni. Ranar da tafiya ta kama ki, sai ki ja tukunyar zuwa inuwa ki shayar da ita sosai, ko ki miƙa wa maƙwabciya amana har ki dawo.