Sakan nawa ya kamata tambarin manhaja ya yi a fuskar waya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina koyon haɗa manhajar waya. Yanzu haka ina yi wa wani Alhaji mai shagon kayan masarufi manhajar da kwastomominsa za su riƙa yin oda da ita. Ya ce lallai idan an buɗe ta, tambarin shagon ya fito yana juyi har na sakan biyar, a rubuta kirarin shagon da lambar waya a ƙasa, don mutane su san da wa suke hulɗa. Na yi yadda ya ce, amma abokaina suna cewa manhajar ta cika nauyi. A wasu wayoyin ma sau biyu tambarin yake fitowa. Yaya ake tsara wannan shafin farko ya yi kyau, kuma sakan nawa ya dace ya ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa karatu albarka.

Abokanka sun ga abin da suka gani, sai dai manhajar ba ta da laifi, kai ne ka sa mata dabaibayi. Kafin mu zo kan ado, bari mu fara da dalilin da ya sa wannan shafi yake wanzuwa tun farko. Idan mutum ya taɓa alamar manhaja alhali ba ta cikin ƙwaƙwalwar wayar, sai wayar ta ware mata wuri, ta ɗauko umarnin da ka rubuta, ta zana shafin farko. Duk wannan yana cin lokaci, kuma idan ba a sa komai ba mutum zai zauna yana kallon farin allo, yana tunanin ko wayar ce ta sandare. Shafin buɗewa, wanda masu sana'ar ke ce wa sifilash, an yi shi ne don ya rufe wannan ɗan tsakanin. Kamar zaure yake. Baƙo ya yi sallama, ya tsaya a zaure kafin a kintsa cikin gida. Da zarar an kintsa sai a ce ya shigo. Ka taɓa ganin maigidan da aka shimfiɗa wa baƙonsa tabarma a ciki, shi kuma ya ce a bar shi a zaure tukuna ya ƙare wa fentin bango kallo?

Don haka amsar tambayarka ta biyu: kada ka ƙara masa ko sakan ɗaya da hannunka. Cire agogon nan na sakan biyar. Shafin ya tafi a daidai lokacin da manhaja ta shirya.

Sakan biyar ɗin ma da Alhaji ya zaɓa, lamba ce mai hatsari. A ma'aunin da Google yake bibiyar lafiyar manhajojin Play Store da shi, wato Android vitals, manhajar da ta kai sakan 5 kafin ta buɗe daga tushe ana lissafa ta cikin masu jinkirin da ya wuce kima. Idan wani ɓangarenta yana nan a ƙwaƙwalwa, iyakar sakan 2 ce, idan kuma dawo da ita kawai aka yi daga baya, sakan 1.5. Apple ya fi tsanani: a taronsa na masu haɗa manhaja na 2019 ya ce a yi ƙoƙari shafin farko ya bayyana cikin milisakan 400, ƙasa da rabin sakan ke nan. Tun 1993 ma Jakob Nielsen, masani kan sauƙin amfani da manhajoji, ya bayyana cewa jiran da ya haura sakan ɗaya yana katse wa mutum tunanin abin da yake yi. Matar da ta buɗe manhajarku tana son ta sayi taliya da man gyaɗa ne kafin yara su taso daga makaranta. Ranar farko wataƙila juyin tambarin ya burge ta. Rana ta goma kuwa tsaki za ta yi, ta koma WhatsApp ta tura wa yaron shago saƙo.

Batun fitowar tambari sau biyu, na san inda matsalar take ko ban ga aikinka ba. Daga Android 12, wanda ya fito a 2021, wayar da kanta take nuna shafin buɗewa ga kowace manhaja: ta ɗauki alamar manhajar ta sa a tsakiya, ta shafa launi a baya. Kai kuma ka gina naka shafin daban a ciki, irin yadda tsofaffin darussan intanet suke koyarwa. Sai na wayar ya fito, ya wuce, naka ya biyo baya. Maganin shi ne ka goge naka, ka yi amfani da SplashScreen API, wato hanyar da Android ya tanada don tsara wannan shafi, ka haɗa da core-splashscreen, wani tarin umarni da Google ya riga ya rubuta, domin tsofaffin wayoyi su ma su nuna abu iri ɗaya. Idan da Flutter kake aiki, wato kayan haɗa manhaja na Google, ƙarin da ake kira flutter_native_splash zai rage maka wahala.

Wannan tsari na Android ya taƙaita maka abin da za ka iya yi, kuma ni ina ganin alheri ne. Launi ɗaya tak a baya, ba hoto ba. Alama ɗaya a tsakiya, zanen fekta, wanda ba ya fashewa ko an ƙara masa girma. Idan alamar tana da nata bango, girmanta 240 sau 240 ne a ma'aunin dp, wanda Android ke auna girman abu a fuskar waya da shi, amma ainihin zanen ya zauna cikin da'ira mai faɗin 160. Idan ba ta da bango, 288 sau 288, da'irar kuma 192. Duk abin da ya fita daga da'irar nan yanke shi za a yi, shi ya sa kake ganin wasu manhajoji da sunansu a gutsure kamar ɓera ya ci. Tambarin shagon Alhaji, in na yi hasashe daidai, yana da suna dogo da kwandon kaya da ƙila tauraro a sama. Ɗauki abu ɗaya daga ciki, kwandon ko harafin farko, ka bar sauran. Motsi kuma an yarda da shi, amma shawarar Google ita ce kada ya wuce sakan ɗaya.

Launin bayan nan ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato. Zaɓi wanda ya yi daidai da na shafin da zai biyo baya, don ido kada ya ji an fizge shi. Kuma ka yi wa masu sa wayarsu a yanayin duhu nasu launin daban. Wanda ya buɗe manhaja ƙarfe goma sha ɗaya na dare, an ɗauke wuta, farin haske ya watsu masa a fuska, ba zai sa maka albarka ba.

Idan za ka kai ta iPhone, can ra'ayinsu ya ma fi nisa da na Alhaji. Ƙa'idar Apple ta ce shafin buɗewa ya yi kama da shafin farko na manhajar, kamar ƙwarangwal ɗinsa babu kaya a ciki, a guji rubutu domin ba a fassara shi zuwa wasu harsuna, kuma kada a mai da wurin allon talla. Umarninka ba ya gudana a wannan shafi, don haka babu zancen motsi. Ka kuma sani iPhone yana adana tsohon hoton, ta yadda za ka canza zane ka ga bai canza ba. Sau da yawa sai ka goge manhajar, ka kashe wayar ka kunna.

Akwai kuskuren da ya fi agogon sakan biyar muni, ni kaina na taɓa tafka shi. Na sa shafin buɗewa ya jira har sai jerin kaya ya sauko daga intanet. A ofis, da wayfay, lafiya lau. Da aka fita da ita inda sabis yake rawa, sai tambari ya tsaya cak, babu gaba babu baya, mutane suka ɗauka ta lalace. Abin da ya halatta shafin ya jira shi ne ɗan abin da ke cikin wayar, kamar duba ko mutum ya riga ya shiga asusunsa. Sauran kuwa, buɗe masa shagon tukuna, nuna masa kayan da aka adana a zuwansa na baya ko gurabensu babu hoto, sababbin su iso a hankali. Haka nan duk wasu kayan ƙididdiga da na talla da ka jibga a farkon tashi, ɗage su zuwa bayan shafin farko ya fito.

Kada kuma ka auna da wayarka. Nemi itel ko ƙaramar Tecno mai ƙwaƙwalwar giga 2, wadda hotunan biki da bidiyo suka cika, domin irinta ce a hannun da yawa daga kwastomominku. Rufe manhajar gaba ɗaya, ka buɗe, ka duba layin Displayed a Logcat, wato inda Android ke rubuta abin da manhaja take yi, zai faɗa maka lokacin da ta ɗauka.

Saura Alhaji. Ba na ba ka shawarar ka yi masa lacca. Buƙatarsa mai ma'ana ce, yana son a san sunansa, wurin da ya zaɓa ne kawai bai dace ba. Sa sunan shagon da kirarin a saman shafin kaya inda za a daɗe ana gani, lambar wayar ta zama maɓallin da ana taɓawa zai kira, sannan su sake fitowa a kan rasit. In yana son juyin tambarin, bar masa shi a ranar farko da mutum ya sauke manhajar, sau ɗaya. Sai ka ɗora tsohuwar manhajar a waya ɗaya, sabuwar a wata, ka miƙa masa, ka ce: "Ranka ya daɗe, duba mana farashin buhun shinkafa a kowacce, sau biyar-biyar."