Bindigar talo-talo tana kauce wa saiti: a gyara ta ko a sayar?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune ne a jihar Jojiya ta Amurka, kuma shekarata biyu ke nan ina bin abokan aikina farautar talo-talon daji a watan Afrilu. Bara na sayi bindigar tsuntsaye lamba 12 ta hannu, na ƙara mata cok na talo-talo, abin matse ƙwayoyi a bakin bututu. Sau biyu namiji yana zuwa gabana, bai wuce yadi 20 ba, in ɗora masa saiti a wuya, in harba, ya tashi lafiya lau. Da na gwada a kwali daga yadi 40 sai na ga ƙwayoyin sun taru sama ta hagu, kamar inci 7 daga inda na nufa. Wani ya ce bututun ne ya lanƙwashe, in rabu da ita. Wani ya ce cok ne. Wani ya ce in sa mata madubin saiti mai jan ɗigo. Dala 300 gare ni. Me zan saya?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A wannan makon dai kada ka sayi komai sai manyan kwalaye, da tef, da akwatin harsashi mai arha irin na harbin kurciya, mai ƙwaya lamba 7½ ko 8. Mutum ukun nan kowannensu zai iya zama mai gaskiya, amma kwali ɗaya da harbi ɗaya ba su isa a yanke wa bindiga hukunci ba.

Ka fara sanin dalilin da ya sa wannan matsala ta fi kama masu talo-talo. Mai harbin tsuntsu a sama, ƙwayoyinsa bazuwa suke yi faɗin inci 30 ko fiye, saboda haka bindigarsa za ta iya kaucewa da inci 5 ya shekara goma bai sani ba. Kai kuwa kan tsuntsun da wuyansa kake nema, domin gashin talo-talo da fikafikansa suna tare ƙwaya, harbin jiki sau da yawa rauni kawai yake yi masa ya tafi ya mutu a daji. Shi ya sa ake ɗaura cok, wato ɗan guntun bututun da ake murɗawa a bakin bindiga ya matse ƙwayoyi. Ramin bindiga lamba 12 kusan inci 0.729 ne, cok na talo-talo yakan mayar da shi wajen 0.665. A yadi 20 tarin ƙwayoyin da kaɗan ya fi tafin hannu. Kaucewar inci 7 a yadi 40 ita ce inci 3 da rabi a yadi 20, kuma wannan ya isa duk tarin ya bi ta gefen wuyansa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: matsewar da ka biya kuɗi ka saya, ita ce ba ta yafe kuskure a kusa.

Ga yadda za ka yi gwajin. Kwalin ya zama babba, aƙalla inci 36 kowane ɓangare. Ƙananan takardun nan masu hoton kan talo-talo ba za su nuna maka komai ba, don idan tarin ya faɗa waje gefensa kawai za ka gani. Yi baƙin ɗigo a tsakiya, ka kafa a yadi 20 ko 25, a ranar da babu iska. Kafin ka ɗana, ka buɗe bindigar ka tabbatar babu harsashi a ciki, sannan ka duba abu biyu: cok ya ɗauru tam, murfin da ke riƙe bututun shi ma bai yi sako-sako ba. Wasu a nan matsalarsu take ƙarewa. Ka zauna a teburi, katakon gaba ya kwanta a kan jakar yashi, kada ƙarfen bututun ya taɓa wani abu mai tauri. Harba sau uku a kwali ɗaya, a ɗigo ɗaya, kana jan kunama a hankali. Inda ramukan suka fi cunkushewa, nan bindigar take bugu.

Daga nan sai ka riƙa canza abu ɗaya a kowane zagaye, da sabon kwali. Ka miƙa wa wani gwani ya harba nasa ukun. Ka cire cok ɗin da ka saya ka mayar da wanda kamfani ya haɗo da bindigar. Idan tarin ya dawo tsakiya da tsohon cok, to sabon ne ba a yi shi daidai ba, ka mayar inda ka saya. Idan kowane cok da kowane mutum sama ta hagu yake bugawa, laifin yana jikin bindigar: ko zaren da ake murɗa cok a ciki an yanka shi a karkace, ko bututun ya ɗan lanƙwashe, ko doron ƙarfen da ke bisansa bai miƙe ba, ko ɗan ƙwallon saitin bai zauna a tsakiya ba. Idan kuma abokinka ya buga tsakiya kai ka buga sama ta hagu, ka san inda maganar ta nufa.

In faɗa maka zatona tun yanzu: idan da kafaɗar dama kake harbi, na fi zargin kuncinka da ƙotar bindigar fiye da bututun. Bindigar da ƙwallo ɗaya gare ta a baki ba ta da saitin baya, idonka ne saitin bayan, kuma duk inda ido ya matsa can harbi yake bi. Fuskar mai harbi da dama tana gefen hagu na ƙota. In bai danna kuncinsa sosai ba, idon zai tsaya sama kaɗan, hagu kaɗan, daidai inda ƙwayoyinka suka taru. Masu auna wa mutane ƙota suna da lissafi: kowane inci 1 na kaucewa a yadi 16, kashi 1 cikin 16 na inci ne a wurin ido. Naka bai kai rabin santimita ba. Ka ƙara da yadda ake farautar: kana zaune a gindin bishiya, ƙyallen rufe fuska a kuncinka, bindiga a kan gwiwa, zuciya na bugawa, ga shi ya buɗe wutsiya yana tahowa. Kowa so yake ya ɗaga kai ya kalle shi da kyau, da ka ɗaga kuwa harbi ya wuce ta saman kansa.

Akwai kuma tsoron naushi, wanda maza ba sa son a ambata. Harsashin talo-talo mai inci 3 da rabi a bindiga mara nauyi yana dukan kafaɗa ninki biyu ko uku na bindigar harbin barewa ta yau da kullum. Jiki yakan koyi zabura kafin ƙarar ta fito. Ka sa abokinka ya riƙa ɗana maka a ɓoye, wani lokaci da harsashi, wani lokaci babu. Ranar da ka ja kunama a kan wofi ka ga baki ya yi tsalle, ba ka bukatar wani ya gaya maka. Maganinsa komawa harsashi mai inci 3, ko ma bindiga lamba 20. Ka kuma gwada idon da ya fi rinjaye: nuna wani abu mai nisa da yatsa idanu biyu a buɗe, ka rufe na hagu. In yatsan ya yi tsalle ya bar abin, na hagu ne ke jan ragama, kuma shi ma hagu yake kai harbin mai kafaɗar dama.

Yanzu maganar dala 300. In matsalar zaman ido ce ko 'yar karkacewar bututu, magani ɗaya ne ya haɗa su, wato saitin da ake iya juyawa. Mafi arha shi ne na gaba da baya mai zare mai ƙyalli da ake matsewa a kan doron bututun, irin na TruGlo ko Williams, 'yan gomomin daloli ne. Ƙa'idarsa ita ce ka matsar da na baya zuwa inda kake so harbin ya koma, kai ke nan ƙasa da dama. Amma ni madubi mai jan ɗigo zan ce ka saya, irin Burris FastFire ko Vortex Venom, waɗanda kuɗinka zai kai har da mazauninsu. Ko kanka ya ɗan ɗagu, in dai ɗigon yana kan wuyan, can harbin zai je, kuma ba ya rufe maka tsuntsun kamar yadda bakin bindiga ke yi a yadi 40. Duba saman bindigar ko akwai ramukan ɗaura mazauni. In babu, akwai mazaunin da ke hawa kamar sirdi, ko ka kai wa mai gyaran bindiga ya huda. Wajen daidaitawa, da yawansu ƙyas ɗaya na abin juya saitin inci 1 ne a yadi 100, wato inci 0.4 a yadi 40, kuma inci 7 ɗinka a karkace kusan inci 5 ne sama, 5 hagu, don haka kowane ɓangare zai ci ƙyas 12 ko 13. Wasu rabin haka suke matsawa, ka karanta takardarsa. Ka daidaita da mai arha a kusa, ka ƙarasa da ainihin harsashin da za ka shiga daji da shi a yadi 40, sannan ka zauna ƙasa ka jingina da bishiya ka sake gwadawa da kayanka a jiki. Sabon batir kowace shekara, wani kuma a aljihu.

Sayarwa sai in mai gyara ya duba ya ce bututun ya cutu, ko kaucewar ta fi ƙarfin juyin madubin. Ko a nan ma, irin bindigarka ana samun bututu shi kaɗai a saya. In kuwa ka sayar, ka faɗa wa mai saye aibinta.

TAMBAYA: Malam, ana ta zuga harsashin TSS mai ƙwayoyin ƙarfen tangistan, guda biyar sun haura dala 50. Zai gyara mini saiti, ko in tsaya a kan na dalma?

AMSA: Ba zai gyara ba, Alhaji. Bindigar da ke kaucewa, TSS ƙara tona mata asiri yake yi, don ya fi matsewa. Abin da yake da shi nauyi ne: tangistan ɗinsa giram 18 ne a kowane santimita kubik, dalma kuwa wajen 11. Saboda haka ƙaramar ƙwaya lamba 9 tana shiga kusan yadda lamba 5 ta dalma ke shiga, kuma harsashi ɗaya yana ɗaukar ninkin adadinta. Tun da kamfanin Federal ya fito da nasa a 2018 mutane suka raja'a a kan bindiga lamba 20 da ƙaramar .410, kuma a waɗannan ne kuɗin yake biya. Mai lamba 12 da ba ya wuce yadi 40, na dalma irin Winchester Long Beard XR ya ishe shi. Ma'aunin da mafarauta ke bi shi ne ƙwaya 100 cikin da'irar inci 10. Nisan da bindigarka ta kasa kawo haka, ka bar tsuntsu ya ƙara matsowa. Duk lokacin da ka canza harsashi ka koma kwali, domin wurin bugu yakan matsa. Ka tabbatar cok ɗinka an yi shi don ɗaukar tangistan, ka kuma duba littafin dokar jiharku, don kowace jiha da girman ƙwayar da ta yarda da shi.

TAMBAYA: Malam, ɗana mai shekara 13 yana fita da babansa, bindigar baban yake ɗauka, kullum sama yake bugawa. Mu saya masa tasa?

AMSA: Ku saya, Hajiya, da sunan babansa kuma ajiyarta a kulle a hannun babansa. Ƙotar manya ta yi wa yaro tsawo, ga tsoron naushi, dole ya janye fuska. Ku nemi lamba 20 mai gajeriyar ƙota, kamar Mossberg 500 Super Bantam, wadda ake ƙara wa tsawo daga inci 12 zuwa 13 idan ya girma. Stevens 301 ta talo-talo, .410 mai cin harsashi ɗaya, ta fi sauƙin naushi kuma tana zuwa da mazaunin madubi, sai dai za ta ɗaure ku da sayen TSS. Kafin ku je shago ku yi masa gwajin yatsan nan. In idon hagu ne mai rinjaye, a koya masa da kafaɗar hagu tun yanzu, hannunsa bai riga ya saba ba. Ku kuma tambayi hukumar namun daji ta jiharku shekarun da ake bukatar takardar horon mafarauta, da ranakun da aka ware wa yara kafin a buɗe wa manya.