Amsa ga Kawu kan siyasar Hausawan Amurka

Assalamu alaikum, Kawu. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Ka tambaye ni yadda aka yi mu da ke zaune a unguwar Bronx ta birnin New York muka karkata ga masu ra'ayin riƙau, waɗanda ake kira 'yan dama a nan, sannan ka ji an ce ni kuma na koma sauraron 'yan hagu, wato masu ra'ayin kawo sauyi, har kana fargabar ko na fara sakin layi ne. Tun da kai tsohon ɗan jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ne, zan fara da abin da ka fi ni sani.

Lokacin da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, Malam Aminu Kano da abokan gwagwarmayarsa ba su ga wata katanga tsakanin riƙon addini da kare talaka ba, domin da ayoyi da hadisai suke yaƙar zalunci. A Amurka an raba waɗannan abubuwa biyu an bai wa jam'iyyu biyu. Republican ce ta fi yawan maganar iyali, tarbiyya da ikon iyaye a kan 'ya'yansu, Democrat kuma, musamman ɓangarenta na hagu, ita ta fi maganar albashi, kuɗin haya, inshorar lafiya da haƙƙin baƙi. Bahaushen da ya fito sallar asuba ya shiga tasi zai yi awa goma sha biyu yana tuƙi, kowane ɓangare ya riƙe masa rabin rayuwarsa.

Abin da ya tura yawancinmu dama shi ne makarantun yara. A 2023 hukumar makarantun gundumar Montgomery a jihar Maryland ta janye damar da iyaye ke da ita ta cire 'ya'yansu daga darussan wasu littattafai masu batun jinsi da auren jinsi ɗaya, iyaye Musulmi da Kirista suka kai ƙara, har Kotun Ƙoli ta goyi bayansu a watan Yunin 2025. Maganar ta cika bakin masallacinmu bayan kowace Juma'a. Yaƙin Gaza ya ƙara fusata mutane da gwamnatin Biden, shi ya sa a zaɓen 2024 Trump ya zo na ɗaya a Dearborn ta jihar Michigan, garin da Larabawa suka yi yawa. Ni ma ina cikin waɗanda iskar ta kwasa, kuma har gobe ban sauya ra'ayina kan haƙƙin iyaye ba.

Inda na farga shi ne wani dare da 'yata ta fari, wadda ke aikin jinya, ta dawo gida ta same ni a kan kujera da waya a hannu, ta zauna ta roƙe ni cikin ladabi in nuna mata jerin bidiyon da na kalla a YouTube a wannan makon. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Mutum huɗu ne ko biyar, duk bakinsu ɗaya, kuma babu wanda ya taɓa ambaton cewa mafi ƙarancin albashi na tarayya yana nan a dala 7.25 a awa tun 2009, ko cewa a 2020 gwamnatin Trump ta sa Najeriya cikin ƙasashen da aka hana bizar zama, abin da ya tsayar da takardun iyalan abokaina da dama. Na san waɗannan abubuwa sarai, amma na daina jin su, saboda na'urar tana ƙara maka irin abin da ka riga ka kalla ne kawai.

Daga nan na ɗora wa kaina sauraron shirin labarai na 'yan hagu mai suna Democracy Now! da safe a cikin mota, da jawaban Sanata Bernie Sanders, kuma na fara zuwa tarukan ƙungiyar direbobin tasi. A can na tuna da 2021, lokacin da direbobi suka yi yajin cin abinci na kwana goma sha biyar a gaban ofishin magajin gari saboda bashin lasisin tasi, wanda farashinsa ya taɓa haura dala miliyan ɗaya kafin ya rushe, har aka rage bashin da yawa daga cikinsu zuwa dala 170,000. Zohran Mamdani, wanda ya ci zaɓen magajin gari a Nuwamban 2025, yana cikin waɗanda suka yi yunwar tare da su. Masu wa'azin iyali da nake kallo ba su ce uffan ba a kan mutanen da bashi ya kusa raba su da gidajensu.

Akwai abubuwan da nake ji a wajen 'yan hagu waɗanda zuciyata ba ta karɓa, kuma nakan faɗa musu a fili idan an zauna. Wasu dattawanmu na ganin ko sauraronsu ma haɗari ne ga imanin yara, matasanmu kuma na ganin mu iyaye mun sayar da talaka saboda littafin makaranta. Wannan gardamar ce ake yi a gidajenmu yanzu, a kan tabarma ɗaya, bayan an sha ruwa ko a wajen suna. Ban yanke wanda zan zaɓa nan gaba ba, Kawu, kuma ina so idan na kira ka ranar Lahadi ka ba ni labarin yadda kuke zama da 'yan santsi, wato ɓangaren PRP da ya saɓa da Malam Aminu, a zaure ɗaya bayan an tashi daga taron siyasa.