Kafin ka taɓa injekta, nemo silindar da ba ta cin wuta

Ɗana, ka tambaye ni a kan Toyota Carina E ɗin nan ta haya da aka kawo mana gareji. Ka ce tana karkarwa idan tana tsaye a silo, tana shaƙewa idan an taka totur, mai ita kuma ya dage cewa zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a bakin hanya, ita ce ta toshe masa injekta, abin da ke fesa wa inji mai. Yana so ka zuba mata kwalbar maganin wanki a tanki, ko ka kwance injektocin ka wanke, kai kuma kana son sanin ko ka yi masa yadda ya ce. Kada ka zuba komai tukuna, kada ka kwance komai ta ɓangaren mai, sai ka san wace silinda ce ba ta cin wuta da abin da ya hana ta.

Injin motar nan silinda huɗu gare shi, suna karɓar wuta bi da bi: ta 1, ta 3, ta 4, sannan ta 2. Kowacce tana bukatar tartsatsi a kan lokaci, da mai da iska daidai gwargwado, da matsi mai kyau. In ɗaya ya gaza, silindar ta yi fashi, sauran ukun su ja ta, shi ne karkarwar da kake ji a sitiyari. Mu a Garwa ta Kamaru duk abin da ya sami mota sai a ce mai ne, don kowa ya san a jarka da kwalba muke sayen rabin abin da muke zubawa. Wani lokaci gaskiya ne. Amma motocin da ke shigo mana da wannan ciwo, wuta ce ta fi kayar da su, kuma gwajin wuta ya fi sauƙi, ya fi araha. Daga can ake farawa.

Fara da direban. Tambaye shi yaushe take yi. In da sanyin safiya ne kawai, ta daina idan ta ɗau zafi, ka tuna da wayar buji, wato fulogi, mai zubar da wuta cikin raɓa, ko ruwan lagireto da ke ɗiga cikin silinda da dare. In sai ta ɗauki fasinja ta kama hawa take yi, tartsatsi ne ba ƙarfi ko famfon mai ya gaji. In bayan wanki ko ruwan sama ta fara, danshi ya shiga distirbuta, mai rarraba wa buji wuta. In kuwa ya ce lafiya lau take har ya sha mai a bakin hanyar Figil, bai yi nisa ba ta fara, to a nan zancensa ya sami ƙafa.

Sai ka tayar da ita, ka bar ta a silo, ka riƙa cire soket ɗin injekta ɗaya bayan ɗaya kana mayarwa. Wadda ka cire inji ya ƙara faɗuwa, tana aiki. Wadda ka cire ba abin da ya canza, ita ce matacciyar. Na san ka ga wasu suna fizge wayar buji da hannu inji na tafiya. Ban yarda ka yi haka ba. Wutar da ke cikinta dubban bolt ce, za ta jefar da kai, tana iya ƙona bobin, wato kwayil, kuma ɗanyen mai yana wucewa cikin salansa a banza. In kowace silinda ka cire ta nuna ɗan canji amma inji bai daidaita ba, to ciwon na gida ɗaya ne, abu ne da duk huɗun suke tarayya a kai: mai, iska, ko distirbuta.

Motoci masu shan fetur da aka yi wa kasuwar Turai daga 2001 suna da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, na'ura za ta faɗa maka kai tsaye. P0301 silinda ta 1 ce, haka har P0304. P0300 na nufin fashin yana yawo. P0171 na nufin iska ta fi mai yawa. Carina E an yi ta ne tsakanin 1992 da 1997, ba ta da wannan, kunnenka da hannunka ne za su yi aikin. A sababbin kuma, in ka ga fitilar inji tana ƙiftawa maimakon ta tsaya kunne, ka ce wa mai motar ya ajiye ta, don ɗanyen mai yana cin katalis ɗinsa, wato matacin hayaƙi da ke jikin salansa.

Da ka gane silindar, fitar da bujinta ka dube ta a rana. Ruwan ƙasa-ƙasa a bushe, lafiya ke nan. Baƙar toka busasshiya, mai ya yi yawa ko tartsatsi ya yi rauni. Jiƙe da fetur tana wari, mai yana zuwa, wuta ce babu, kuma wannan kaɗai ya wanke injektar daga zargin toshewa. Baƙin mai mai danƙo a bakinta, ringi ne ko robar bawul. Fara fat kamar an wanke ta alhali sauran uku suna da launi, ka ji tsoron ruwa na shiga. Auna tazarar bakinta kuma. Ta zama gwargwadon abin da aka rubuta wa injin.

Yanzu ga abin da nake so ya zauna maka a kai fiye da komai. Kada ka sayi kaya don ka gwada, sauya wa na jikin motar wuri. Ɗauki bujin matacciyar silinda ka kai ta wata mai lafiya, ka kawo ta can nan. In ciwon ya bi bujin, ka gama. In ya tsaya inda yake, ka yi haka da waya. A Corolla ta baya-bayan nan mai bobin ɗaya a kan kowace buji, bobin ɗin za ka sauya wa wuri. Direban haya da kuɗin cefanen gidansa yake biyanmu, ba daidai ba ne mu sa shi sayen buji huɗu da wayoyi da injekta don mun ƙi ba da rabin awa. Ka leƙa ramin bujin ko baƙin mai ya taru daga gasket ɗin murfin bawul. Ka buɗe hular distirbuta ka nemi tsaga ko baƙin layi kamar an ja da fensir. Bayan magariba ka buɗe bonet inji na tafiya, waya mai zuba za ka ga tana walƙiya a jikin ƙarfe.

Iska ba ta da dogon zance. Zafin Maris da Afrilu a nan yana wuce digiri 40, robar tiyo tana bushewa ta tsage ta ƙasa inda ido ba ya kai wa. Lanƙwasa kowane tiyo, ka kasa kunne ko za ka ji tsotso. Filtar iska kuwa, wadda ta sha ƙurar hunturu aka yi ta hura ta da kwamfireso har ta huje, a yar da ita.

In wuta da iska sun fita, auna matsi kafin ka je ga mai. Inji da ɗumi, buji duka a waje, fiyus ɗin da aka rubuta wa EFI, na injekta da famfon mai, a cire, totur a take har ƙasa. Bambanci tsakanin silinda da 'yar'uwarta kada ya wuce bar 1. Wadda ta yi ƙasa, zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai ka sake. In ta tashi, ringi ne. In ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket ɗin kan inji, musamman in biyu maƙwabta ne suka faɗi tare. Babu maganin kwalba da ke gyara ƙonannen bawul.

Sai mai. Tara kaɗan daga tiyon da ke zuwa inji cikin farar kwalbar gilashi, ka ajiye ta a inuwa minti goma. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa ka gan shi rabe. Tsatsa da yashi ma haka. In an gauraya da kananzir hancinka zai gaya maka, kuma ɗigonsa a takarda yana barin maiƙo bayan fetur ya bushe. Ni ba na zagin masu zuwa-zuwa gaba ɗaya. Man da suke kawowa daga Najeriya sau da yawa lafiyarsa ƙalau daga tushe, a hanya yake lalacewa: jarkar da ba a wanke ba, mazurari a ƙasa cikin ƙura, ruwan damina. Tankin gidan mai ma yana iya shan ruwa.

Famfon tsohuwar Toyota ba ya kuka da an murɗa makulli kawai, don haka kada ka yanke masa hukunci da wuri. A ɗan akwatin gwaji da ke cikin bonet, haɗa bakin da aka rubuta wa +B da na FP da guntuwar waya, makulli a kunne, za ka ji shi. Sa ma'auni, ya kamata ka ga wajen bar 3. In ya gaza, filta ce ta toshe, ko ragar bakin famfo, ko famfon ya gaji. Injekta kuma, ɗora mata bakin doguwar sukundireba ka sa kunne a ƙotar, mai rai tana ƙas-ƙas-ƙas ba yankewa. A mita za ta ba ka tsakanin om 12 da 16. Wadda wayar cikinta ta yanke, wanki ba zai tashe ta ba.

In kwalba ta nuna datti, daga tanki za ka fara wanki, ka biyo hanyar mai zuwa gaba. Wanda ya wanke injekta ya bar laka a tanki kamar wanda ya wanke moɗa ne ya mayar da ita cikin randa mai dauɗa. Kafin ka sassauta ko ƙusa ɗaya, cire fiyus ko rilen famfo, ka bar inji ya ci abin da ke layi har ya mutu da kansa, sannan ka cire kan batir mai alamar (-). Fitar da motar fili, nesa da mai walda da murhun mai shayi, ka ajiye abin kashe gobara ko bokitin yashi kusa. Babu taba, babu fitilar lantarki mai ƙwai, kuma kada in ga tiyo a bakinka kana zuƙo fetur. Sauke tanki, juye shi, ɗauraye da mai mai tsabta har ya fito garau. Wanke ragar famfo, in ta yage a sake ta. Hura layin da iska bayan ka raba shi da inji. Filtar mai ba a wanke ta, sabuwa ake sawa, kibiyarta tana kallon inji.

Injektocin su ne na ƙarshe. Sa musu lamba kafin ka cire. Haɗa bakin gwangwanin wankin kafireta da bayan injektar ta guntun tiyo, ka ba ta wuta da ɗan batir mai bolt 9, taɓawa kaɗan-kaɗan kana sakewa, kada ka riƙe. Wayar ta zama doguwa, wurin taɓawar ya yi nesa da feshin, don tartsatsi ɗaya ya isa. Kare idonka. Abin da kake nema feshi ne mai laushi iri ɗaya a duka huɗun, kuma in ka ɗauke wuta ta rufe ruf, ba ɗigo. Kada ka soka mata allura ko waya a baki, ramin zai faɗaɗa ta riƙa zubar da mai har abada. Robobin bakinta sababbi za ka sa, ka shafa musu ɗan fetur su shige ba tare da sun yage ba. Bayan ka haɗa, kunna famfo ta +B da FP, ka bi kowace mahaɗa da busasshen tsumma kafin ka tayar.

Maganin kwalba da yake so, yana da amfaninsa a motar da ke tafiya lafiya, ya narkar da ɗan danƙon da ya fara taruwa. A tanki mai laka kuwa yana iya tayar da dattin ya tura shi gaba. Ka gaya masa haka da ladabi, ka kuma roƙe shi ya daina yawo da mai a gindin tanki, don fetur ne ke sanyaya famfo. In dole ya sha a bakin hanya, a tace masa da kyalle mai tsabta a kan mazurari.

Gobe in Allah ya kai mu, ka yi gwajin soket, ka jera bujin huɗu a kan kwali da lambobinsu, ka tara man a kwalba, ka kawo mini in gani. Tanki kuwa kada ka sauke shi sai ina tsaye.