Makami da Makamashi: Amsoshin Masu Karatu Kan Kalmomin Nukiliya

Wani ɗalibi daga Zariya ya rubuto cewa yana jin masu labarai na faɗin "makamin nukiliya", wani lokaci kuma "makamashin nukiliya", yana tambaya ko abu ɗaya ne.

Ba ɗaya ba ne, ɗana, ko da yake duka biyun daga "kama" suka fito. Makami shi ne abin da hannu ke kamawa don yaƙi ko farauta. Makamashi kuwa abin da wuta ke kamawa ne: itace, kara, gawayi, kashin shanu busasshe. Da zamani ya zo sai kalmar ta faɗaɗa ta haɗiye fetur da gas da yuraniyom, ma'adinin da tashoshin nukiliya ke aiki da shi. Bam ɗin da Amurka ta jefa wa Hiroshima a 1945 makami ne, irin wanda muke kira na ƙare dangi. Tashar Koeberg ta Afirka ta Kudu, wadda ke ba da lantarki tun 1984, makamashi take sarrafawa. A garinku ma akwai ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, tana aiki tun 2004. Rikita kalmomin nan biyu yana damuna, domin yana sa mutane tsoron abin da ba a ma yi musu bayaninsa ba.

Ita "nukiliya" aro ce daga Turanci, asalinta kuma Latin, inda take nufin ƙwayar da ke cikin ɓawo. Shi ya sa fassarar da aka yi mata da Hausa, "ƙwayar zarra", ta zauna daram. "Zarra" daga Larabci muka samo ta, kuma duk wanda ya yi allo ya san ta a Suratuz Zalzala.

Wata malamar makaranta daga Katsina ta tambayi dalilin kiran gubar nukiliya "tururi".

Malama, kin taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Dubi tukunya a kan murhu, ruwa na tafasa, murfi na rawa yana ƙwanƙwasa bakinta. Wannan ne tururi, kuma shi ne ainihin aikin tashar nukiliya: ana tsaga ƙwayar zarrar yuraniyom, zafi ya fito, ruwa ya tafasa, tururin ya juya injin da ke haifar da lantarki. Babu hayaƙin kwal, kuma tashar ba ta jiran rana ko iska. Da wannan Faransa ke samun kusan kashi biyu cikin uku na wutarta. Amma abin da ya bazu a hatsarin tashoshin nukiliya na Chernobyl a 1986 da Fukushima a 2011 ba a ganinsa, ba shi da wari, yana ratsa jiki shiru. Kiransa tururi kawai yakan sa mai sauraro ya zaci idonsa zai gargaɗe shi. Ni na fi son a ce "guba mai ratsa jiki".

Wani dattijo daga Agadas ya ce a ganinsa barin kwal a koma nukiliya "tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri" ne.

Baba, ana faɗin wannan karin magana idan an rabu da wata wahala an ɗauko 'yar'uwarta, tunda kare da biri duk tsugune suke yi. Ta dace ta fuskar shara. Tokar murhu gobe ana zuba ta a gona, amma fulutoniyom, wani sinadari mai guba da ke cikin sharar tashar, sai ya shekara kimanin 24,000 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi, har Finland ta haƙa rami mai zurfin fiye da mita 400 cikin dutse don binne irinta. Ga tsadar gini da shekarun da yake ci. Inda ba ta dace ba shi ne hayaƙi: na kwal kullum huhun mutane yake shiga, sharar nukiliya kuwa ana iya killace ta.

Yankinku, Baba, wata karin maganar ce ta fi kama shi: "ga ƙoshi ga kwanan yunwa". Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, an yi shekaru ana haskaka biranen Turai da shi, alhali ƙauyukan Nijar da yawa har yau da tocila ake cin tuwon dare.