Tambayoyinku: Yawan Ambato Ne Ma'aunin Gwanintar Likitan Kansa?

Tambaya: Likita, ina ajin ƙarshe a karatun likitanci, kuma ina son ƙwarewa a fannin fatoloji, wato gano cuta ta hanyar duba tsokar jiki a madubin likita, ɓangaren ciwon daji. Na duba Google Scholar, shafin da ke tattara takardun bincike, na ga wani farfesa na ƙasar waje an ambaci takardunsa sau dubbai, shi kuwa malaminmu da nake ganin babu kamarsa, nasa ba su taka kara sun karya ba. Raina ya ɗan sosu. Wannan lambar ce ke nuna wanda ya fi? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ƙanena, kwantar da hankalinka. Duk sanda wani mai bincike ya kafa hujja da takardarka a cikin tasa, an ambace ka sau ɗaya ke nan, kuma abin da shafin yake tarawa ke nan. Lambar da ake kira h-index kuwa, wani masanin kimiyyar fiziks mai suna Jorge Hirsch ne ya fito da ita a 2005. Idan aka ce ta mutum 20 ce, yana da takardu 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20.

Ba na raina ta. Akwai waɗanda guminsu ne ya ba su. Bert Vogelstein na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka, shi da Eric Fearon, sun buga takarda a mujallar Cell a 1990 da ta nuna cewa kansar babban hanji ba dare ɗaya take zuwa ba. Ƙwayoyin gado ne ke lalacewa ɗaya bayan ɗaya, har ɗan tsiron da ba shi da illa ya rikiɗe ya zama cuta. Duk mai rubutu a kan wannan ciwo sai ya bi ta kansu, dole lambarsu ta yi sama.

Amma ga wanda nake so ka riƙe a rai: Donald Gleason. Likitan fatoloji ne da ya yi aiki a asibitin tsoffin sojoji da ke Minneapolis a Amurka. A 1966 ya fitar da tsarin auna tsananin kansar furostet, wannan ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Ya raba siffofin da ake gani a madubin likita gida biyar, daga 1 mai sauƙi zuwa 5 mafi muni, ya zana su da hannunsa; lambobin siffofi biyu ake haɗawa a fitar da maki. A makon jiya ma na zauna da gilashin wani dattijo, wato ɗan gilashin da ake ɗora tsokar da aka ciro don a duba ta a madubi. An yanka tsokar siriri, an rina ta da launin hoda da shuɗi, na yi ta juya madubin ina tambayar kaina: 3+4 ne ko 4+3? Duka bakwai ne a lissafi, amma lambar farko ita ce siffar da ta fi yawa, don haka 4+3 ya fi muni, kuma maganin da za a zaɓa wa bawan Allah zai iya canzawa. Sai da na kira abokiyar aikina ta sa ido kafin na sa hannu. Na rubuta sunan Gleason a rahoton, kamar yadda ake rubutawa kullum a asibitocin duniya, amma babu kwamfutar da ta ƙara masa maki ko ɗaya. Aikin ya shiga jinin sana'ar har an daina komawa ga takardar asali.

Sannan lambar ambato tana da giɓi da yawa. Mai duba gilashi yakan faɗo a tsakiyar jerin marubuta talatin, ya kwashi ambato daidai da wanda ya yi ainihin aikin. Wani kuma kansa yake ta ambata. Google Scholar yana tattaro kusan komai, Scopus, wani kundin takardun bincike, yana tacewa, shi ya sa za ka ga lambobi biyu ga mutum ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, mujallunmu na gida da yawa ba sa cikin manyan kundayen nan, sai aikin da aka yi da wahala, ga ƙarancin wuta da sinadarai, ya zama kamar ba a yi ba. Alhali rajistar masu kansa da Farfesa Edington ya kafa a Ibadan a 1960 irin wannan aikin haƙuri ne, na ƙirga marasa lafiya ɗaya-ɗaya.

Saboda haka in za ka zaɓi wanda za ka zauna a gabansa, buɗe takardunsa uku ka karanta da kanka. Duba ko sunansa ne na farko ko na ƙarshe a jerin marubuta, don su ne galibi jagororin aikin, da yawan majinyatan da ya bincika. Ka tambayi likitocin tiyata ko suna yin aiki da rahotonsa ba tare da ɗar-ɗar ba. Shi kuma malamin naka, ka same shi ka roƙe shi ku ciro gilasan kansar mama na shekara biyar daga ma'ajiyar sashenku, ku sake duba su tare, ku rubuta abin da kuka gani.