Me ake yi da busasshen ganyen da aka tsinko a gundumar Kerry?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a fannin ilimin tsirrai. An ba mu misalin gundumar Kerry ta ƙasar Ailan, inda aka bi gaɓar teku da duwatsu ana tsinko tsirran daji ana busarwa. Tun da ga kyamara, mene ne amfanin wannan wahala?

Amsa: Ƙanwata, hoto ba ya ba ki damar juya ganye ki ga bayansa, ko ki ƙirga gashin da ke jikin kara a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Shi kuwa tsiron da aka matse tsakanin takardu har ya bushe, aka manna shi, aka rubuta wurin da aka same shi da ranar da sunan wanda ya tsinko, shaida ce da wani zai iya sake dubawa bayan shekara ɗari. In babu wannan rubutun, ciyawa ce kawai.

Kerry tana kudu maso yammacin Ailan, ta miƙa cikin Tekun Atlantika, kuma a cikinta dutse mafi tsawo a ƙasar yake, wato Carrauntoohil, mai mita kusan 1,039. Ruwan teku mai ɗumi da ke zuwa yankin yana rage tsananin hunturu a ƙasa, a can sama kuwa sanyi ne da iska. Shi ya sa a gunduma ɗaya ake samun tsirran yankin sanyi a kan dutsen Brandon, a gindin duwatsu kuma waɗanda danginsu ke can kudancin Turai. Masanin tsirrai Reginald Scully ya yi shekaru yana bin lungunan gundumar kafin ya fitar da kundin tsirranta a 1916.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne rukunin tsirran da ake samu a Kerry da kuma Sifaniya da Fotugal, amma ba ya fitowa da kansa a Ingila da ke maƙwabtaka. Akwai bishiyar Arbutus unedo mai jajayen 'ya'ya a bakin tafkunan Killarney da ke cikin gundumar. Akwai ƙaramin tsiron Saxifraga spathularis da ke maƙale a jikin duwatsu masu laima. Ta yaya suka tsallako? Wasu masana na ganin sun tsira daga zamanin da ƙanƙara ta rufe yankin a wani wuri kusa, wasu sun ce daga baya suka iso, watakila ma mutane ne suka kawo bishiyar. Wannan gardama da samfuran da aka adana ake yin ta, har da gwajin ƙwayoyin gado, kuma ma'ajiyar busassun tsirrai ta ƙasar tana lambun Glasnevin a Dublin, babban birnin ƙasar.

Sai dai tsinkar ma ta yi ɓarna. A ƙarni na 19 an yi yayin tara wani tsiro marar fure, Trichomanes speciosum, mai ganye siriri da haske ke ratsawa. Aka yi ta tumɓuke shi a Killarney ana sayar wa baƙi har ya kusa ƙarewa. Yanzu doka ta hana taɓa shi. Don haka in kin fita aikin fili, ki fara neman izini, kuma in tsiron kaɗan ne a wurin, nan ne kyamararki za ta yi aiki: ki ɗauki hoto, ki rubuta wurin, ki bar shi.